Tsohuwar motar kwana ta marigayi mahaifinmu: mu gyara ta, kuma ta ina za a fara?

Autan Malam, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motocin Volkswagen, da kuma ta waɗanda suka taɓa riƙe wani abu na iyayensu bayan rasuwarsu. Mahaifinmu ya rasu bara, kuma cikin abin da ya bari akwai wata bas ƙirar Kombi mai rufin da ake ɗagawa sama, wadda aka yi wa gado mai naɗewa, da kabad, da teburi, da ɗan wurin wanke kwanuka. Ya saye ta ne a Damagaram wajen ƙarshen shekarun 1970, a hannun wasu Jamusawa da suka ƙetaro Sahara ta Tamanrasset da Agadas, waɗanda da guzurinsu ya ƙare suka sayar da ita suka koma gida ta jirgi. Malam ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, saboda haka motar ta zame masa ɗakin kwana da ofis a duk lokacin da ya fita rangadi rugage, musamman a shekarar 1983 da annobar bushiya ta faɗa wa shanu, lokacin da yakan daɗe bai kwana a gida ba. Idan an ba da hutun makaranta kuwa, a cikinta yake kwasar mu zuwa ganin dangi, kuma a cikinta muka je Yankari muna yara.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 take ajiye a ƙarƙashin wata darbejiya a tsakar gida. Tayoyin sun nutse cikin ƙasa, robobin gilasai sun farfashe, tamfol ɗin rufin ya ruɓe, ɓeraye kuma sun yi gida a wajen injin. Jikin dai a ido bai lalace sosai ba, sai tsatsa a ƙasan gilashin gaba da kuma bakin ƙofar da ake ja. Lambar shasinta ta fara da 234, idan wannan zai taimaka.

Babban yayanmu yana ganin a kira 'yan gwangwan su auna ta a raba kuɗin, ni kuwa ina so in tayar da ita don tunawa da Malam, ko da zan ɗauki shekaru ina yi. Wani bakanike da na kai ya duba ya ce injin nan mai shan iska ya tsufa, gara a cire shi a sa na Golf da lagireto, a yi mata fenti sabo, a fitar da katakon ciki a jera kujeru. Tambayata ita ce, shin wannan shawara tasa daidai ce? Idan ba daidai ba ce, da me ake farawa? Sannan ina son jin ra'ayin manya a kan ko ya dace mutum ya kashe dukiya a kan irin wannan aiki.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, a kan waɗannan motoci na koyi sana'a, tun lokacin da kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Legas a 1975, shekarar da Peugeot ma ya fara a nan Kaduna, don haka ka saurare ni da kyau.

Kada ka bari kowa ya kawo batir ya ce bari a gwada ko za ta tashi. Injin da ya yi shekaru fiye da ashirin a tsaye, baƙin man da ke cikinsa ya daskare, ringi ya manne da silinda, kuma sheƙar ɓeraye tana nan cunkushe a cikin gwangwanin fanka inda ido ba ya gani. Idan aka buga shi a haka, ko dai ringi ya karye, ko kuma ya tashi ya yi zafi ya ƙone cikin 'yan mintoci saboda iska ba ta da hanyar wucewa. Abin da ake yi shi ne a cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai haɗe da gas a kowane rami, a bar shi ya jiƙa, sannan a sa sifana a kan notin fule a juya a hankali da hannu. Idan ya juya, ka gode wa Allah. Ka kuma kama fulen ka ja shi gaba da baya. Idan ka ji yana ƙwanƙwasa, to injin yana bukatar a buɗe shi gaba ɗaya.

Amma tun kafin injin, ƙarƙashin motar za ka fara dubawa, domin shi ne zai gaya maka ko aikin ya cancanci a fara shi. Inji ana saukewa a gyara a kan benci, notuna huɗu ne suka haɗa shi da giyabos, amma idan ƙarfen da ke ɗauke da motar ya ruɓe, duk kuɗin da ka zuba a sama asara ce. A ɗaga ta a kan itatuwa masu ƙarfi, ka shiga da tocila da sukudireba, ka riƙa soka wuraren da ake sa jak, da dogayen ƙarafan gefe da ke ƙarƙashin ƙofofi, da babban bututun gaba wanda tayoyi ke rataye a jikinsa, da kuma mazaunin batir a kusurwar baya, inda ruwan batir ke cin ƙarfe. Sa'ar da muke da ita a Arewa ita ce bushewar iska, don haka sau da yawa motar da ta zauna a Katsina ta fi wadda ta zauna a Legas lafiyar ƙarƙashi nesa ba kusa ba. Abin da nake tsoro a taka shi ne ganyen darbejiya da ya taru a magudanar rufi yana riƙe ruwan damina, da kuma gindin da ya daɗe yana taɓa ƙasa.

Game da injin Golf, ban goyi baya ba. Ba a yi wa wannan mota wurin lagireto ba, don haka sai an fasa gabanta ko an rataya shi a gefe, a ja tiyon ruwa tun daga baya har gaba, a kuma ƙera farantin da zai haɗa sabon injin da tsohon giyabos. Na ga da yawa da aka yi wa haka, kuma mafi yawansu gyaran gangar Abzinawa ne, kullum suna tafasa a kan hanya. Injinta na asali mai cc 1600 ɗan'uwan na Beetle ne, kayan ciki da yawa suna shiga juna, kuma bukatunsa kaɗan ne amma ba ya yafewa idan aka yi sakaci da su. Baƙin mai lita 2.5 kawai yake sha, ba shi da filta sai 'yar rariya da ake wankewa, shi ya sa ake juye man a kowace kilomita 5,000, ko ma ƙasa da haka a lokacin ƙurar hunturu. Bawul ana saita shi a milimita 0.15 injin yana sanyi, kwantak kuma a 0.4. Duk gwangwanayen da suka kewaye injin da robar da ta zagaye shi dole su cika, domin su ne ke raba iskar sanyi da ta zafi, kuma yaran gareji sun saba jefar da su suna cewa ba su da amfani. Fambel ɗin da ke juya dainamo shi ne ke juya fanka, saboda haka idan jar wutar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take.

Abu guda da ya fi cinye waɗannan motoci shi ne gobara. Tankin fetur yana gaban injin ne, a sama da shi kaɗan, kuma idan tsohon tiyo ya tsage, fetur zai riƙa zuba a kan inji mai zafi ko da an kashe mota. Kaskon injin kuma da wani ƙarfe mai suna maganiziyam aka yi shi, wanda idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. A sauke tankin a wanke, a canza kowane tiyo na fetur, a ɗaure bakinsa da kilif, kuma a ajiye tukunyar kashe gobara kusa da direba. Birki ma haka, kada a yi ciniki a kansa: tiyo da robobi da mai duk sababbi. Idan ka zo neman tsofaffin kaya, ka zaga Panteka a nan Kaduna da Kofar Ruwa a Kano, ka nemi dattawan kasuwar, domin samarin ba su san abin da kake nufi ba.

Hajiya Malama, Zariya

Allah ya gafarta wa Malam, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ƙanena, Baba bakanike ya yi maka bayanin ƙarfe, ni kuma zan tsaya a kan tambayarka ta ƙarshe, domin ina ganin ita ya kamata ta zo a farko. Wannan mota ba taka ba ce tukuna. Tun daga ranar da Malam ya rasu ta zama dukiyar magada gaba ɗaya, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya idan akwai. Idan mahaifiyarku tana raye tana da tumuninta a ciki, 'yan'uwanka mata ma suna da rabonsu kamar yadda ya zo a cikin Suratun Nisa'i. Idan ka fara zuba kuɗinka a cikinta kafin a raba, ranar da ta fito tana ƙyalli za ka ji maganganun da ba ka taɓa zato ba, wataƙila ba daga yayanka ba, daga 'ya'yansa bayan shekaru. Hanya mai tsabta ita ce ku zauna a gaban malamin da ya raba muku sauran gadon, a yi wa motar kuɗi a halin da take ciki, ka biya kowa rabonsa ko a cire daga naka, wanda ya yafe kuma ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu, a rubuta. Ka lura da 'yan'uwa mata musamman, domin da yawa kunya ce ke sa su cewa sun yafe.

Ko ya dace? Ban san wani abin da ya hana mutum ya gyara abin hawan mahaifinsa ya riƙe ba, matuƙar bai tauye haƙƙin iyalinsa ba, bai kuma ci bashin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai kada ka rikita abubuwa biyu. Gyaran motar domin ku ne masu rai, ku ne za ku ji daɗin ganinta. Abin da ke isa ga Malam a kabarinsa shi ne abin da hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambata, wato sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Idan yayanka yana ganin kuɗin sun fi dacewa da rijiya ko ajin makaranta, yana da hujjarsa, kada ka ɗauke shi wanda bai damu da mahaifinku ba.

Akwai kuma hanyar da za ka haɗa biyun. Ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa, don kawai mahaifin mutumin aminin Sayyidina Umar ne, ya kuma kafa hujja da cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya. Malam ya yi shekaru yana shiga rugage, tabbas yana da aminai a cikin Fulani da tsofaffin abokan aiki waɗanda har yanzu suna raye. Idan motar ta tashi ta kai ku gaishe su, da ɗan abin alheri a hannu, to ta yi aikin da ya wuce ado.

Mazaunin Hanoba, Jamus

Ina yi muku ta'aziyya. Ina zaune a garin da aka ƙera wannan mota, domin tun 1956 masana'antar Hanoba ce ke yin bas-bas ɗin Volkswagen. Lambar da ka kawo ta yi bayani: 23 na nufin Kombi, 4 kuma na nufin ƙirar shekarar 1974, wadda aka fara fitarwa daga watan Agustan 1973. Tana cikin zubi na biyu da aka yi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, kuma ƙirar wannan shekarar tana da birkin faifai a gaba, wanda hakan alheri ne. Ka duba jikin kabad ko mazaunin kujera ko za ka ga tambarin Westfalia, kamfanin da ya fi shahara wajen mayar da waɗannan bas-bas motocin kwana. Bayan kujerar gaba kuma akwai wani ɗan faranti mai lambobi da ke nuna launin fentinta na asali da ƙasar da aka yi ta dominta.

Idan ta tabbata Westfalia ce, ina roƙonka kada ka bari a fitar da katakon nan a jera kujeru. Inji da birki da robobi da tamfol ɗin rufi duk ana samun sababbinsu, domin Brazil ta ci gaba da ƙera Kombi har zuwa Disamban 2013, kuma a Jamus da Ingila da Amurka akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai yin kayan waɗannan motoci. Kabad na asali da maƙullansa da hinjinsa ne ke da wuyar samu. Ko gara ta ci wani ɓangare, a ajiye shi, kafinta ya auna ya yanka irinsa. Kafin a kwance komai ka ɗauki hoto, ka sa kowane rukunin kusoshi a ledarsa da rubutu, kuma kada ka yarda a wargaza motar gaba ɗaya a lokaci guda a garejin da ba shi da rufi da ƙofa, domin a nan ne kaya ke bin iska har mai mota ya gaji ya haƙura.

A kan fenti ma ina da ra'ayi, ko da yake na san ba kowa zai yarda da ni ba. A gida mun saba ganin cewa gyara shi ne a mayar da abu sabo fil. Amma kai ba sabuwar mota kake nema ba, motar Malam kake nema. Sitiyarin da tafin hannunsa ya goge, da ƙugiyar da ya kafa don rataya jakarsa, da duk wata takarda da ya manna a gilashi, idan mai fenti ya bi ta kansu ba za su dawo ba. A yanke inda ya ruɓe a yi walda da sabon ƙarfe, kada a cusa fila a rami, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti a inda aka taɓa, sauran kuma a wanke a goge.

Sai wata magana da ta shafi abin da Hajiya ta faɗa. A nan, motar da ta kai shekara 30 kuma tana kan asalinta ana ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, kuma masu sha'awa suna sayen irin taku da tsada ko da ba ta tashi. Ban ce a Katsina za a sami mai biyan wannan kuɗi ba, amma adalci shi ne 'yan'uwanka su san haka kafin a yi mata kuɗi, kada a auna ta da farashin kilo su yafe a kan rashin sani.

Direban Dogon Zango, Gusau

Allah ya jiƙan mahaifi. Ni ban ƙi gyaran ba, amma ina so a faɗa wa wannan bawan Allah gaskiyar hanya. Injin nan dokinsa 50 ne kacal, kuma idan aka ɗora masa nauyin katako da iyali, da ƙyar zai riƙe kilomita 90 a awa, alhali tireloli da ƙananan motoci a hanyar Katsina zuwa Kano ba sa jiran kowa. Direba kuma a kan tayar gaba yake zaune, babu komai tsakanin gwiwarsa da abin da ke gabansa sai falle ɗaya na ƙarfe. Kwana a daji irin na zamanin Malam kuwa, kowa ya san halin da ake ciki yanzu a yankinmu, ba abin da za a yi da yara ba ne. A gyara ta don zagayen gari da tafiyar rana zuwa Daura ko Dutsin-Ma, a sa mata bel a kujeru, a sa tayoyin ɗaukar kaya masu lamba 185 R14 C. Ka kuma nemo takardar kwastan da Malam ya shigo da ita daga Nijar tun yanzu, domin za a tambaye ka ita wajen sabunta rajista. Baba, da girmanka, Brazil ɗin da aka ambata ai su ma daga baya injin ruwa suka koma sa mata.

Tsohon Bakanike, Kaduna

Gaskiyarka, direba, sun koma, amma injiniyoyin kamfani ne suka zana wa lagireton wuri a gaba suka gwada shi kafin su sayar. Wanda za a yi a bakin titi da tiyon famfo daban ne. Idan yaron nan zai yi tafiyar da ka kwatanta, ta rana kuma ba gudu, injin asali ya ishe shi har ya bar wa 'ya'yansa.

Autan Malam, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Hajiyarmu da yayana duk abin da kuka rubuta, har da maganar darajar motar a Turai, kuma mun amince a kira malamin da ya raba mana gida, tare da dillalan mota biyu, su yi mata kuɗi bayan sallar Juma'a mai zuwa. Yaya ya ce nasa rabon zai sa shi a gyaran rijiyar masallacin unguwa da sunan Malam. Tambarin Westfalia yana nan a jikin kabad, takardar kwastan kuma Hajiyarmu ta ce tana cikin akwatin takardunsa. Ba zan taɓa komai ba sai an gama rabon, in ban da share ganyen da ke kan rufi. Baba, idan an ɗaga ta zan turo hotunan ƙarƙashin domin ka duba mini babban bututun gaba, kuma ina roƙon ka taimaka mini da kwatancen layin da dattawan nan suke a Panteka.